Alkawarin Masu Ƙera Na'urorin Wasa: Yana Isowa Makarfi Kuwa?

Duk wanda ya shiga garin Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi da la'asar sakaliya, bayan an tashi daga makaranta kuma an dawo daga gonakin rake da na tumatir, da wuya ya rasa jin ihun samari daga wani ɗan shago mai labule a ƙofa, ga kuma rurin janareto a bayansa. In ya leƙa ciki zai tarar da akwatunan talabijin biyu ko uku a jere, da benci cike da yara, biyu daga cikinsu sun ƙura wa allo ido suna ta danne-danne, saura kuwa na jiran layi ya zo kansu. Wannan shi ne abin da yaran ke kira gidan gem, watau wurin da ake biyan kuɗi a buga wasan ƙwallon ƙafa ko na tseren mota a kan na'urar wasan bidiyo. Ga mai wucewa shiririta ce kawai ta yara, amma ga mai shagon sana'a ce wadda ya zuba wa jari, kuma daga cikinta yake sa ran cin abinci.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wani ɗan ƙanwata da ke zaune a ƙasar Makarfi. Yaron ya sayar da rabonsa na rake, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya tafi Kano ya sayo na'urar wasa ta hannu domin ya buɗe shago. Mai sayarwa ya tabbatar masa cewa akwai wasanni masu yawa a cikinta ba sai ya nemi faifai ba, har ya ƙara masa da cewa in ya haɗa ta da intanet zai iya karawa da 'yan wasa na Ingila da Masar yana zaune a kan tabarmarsa. Aka yi 'yan makonni ciniki na tafiya. Ranar da ya haɗa na'urar da intanet ɗin wayarsa don ya gwada wancan alkawari na biyu, sai ga hoton ɗan kwaɗo ya bayyana a kan kowane wasa, duk suka ƙi buɗewa. Ya niƙo gari ya same ni a Zariya, ya ce, "Kawu, ku da kuke jami'a, ku duba mini wannan abu. Na biya kuɗina lakadan, yaya za a ce kayan ba nawa ba ne?" Na ce masa ni ilimin halittu na karanta, kwaɗon da na sani shi ne na bakin rafi. Amma tambayar tasa ta tsaya mini a rai, domin na lura ba ta yaro ɗaya ba ce.

Daga baya mun gano abin da ya faru. Wasannin da ke cikin na'urar an saye su ne da asusun wani mutum dabam a wata ƙasa, aka ɗora masa su aro, aka karɓi kuɗinsa kamar an sayar masa. Da na'urar ta sami hanyar tuntuɓar kamfani sai ta tambaya ko mai riƙe da ita yana da izinin waɗannan wasanni, aka amsa mata da babu. Laifin wannan ha'inci na ɗan kasuwar ne, ba shakka. Sai dai ya buɗe mana ƙofar wata tambaya wadda ta fi shi girma: shin su kansu kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori, irin su Sony da Microsoft da Nintendo, suna cika alkawuran da suke yi game da hidimominsu na intanet?

Yadda alkawarin ya samo asali

Malamai da suka yi ƙuruciya a shekarun 1990 za su tuna na'urorin Sega da Nintendo masu cin kaset. A wancan zamani wasa yana cikin kaset ɗin ɗungurungum. In ka saya ka saya ke nan. Ko kamfanin ya rushe gobe, kaset ɗinka zai ci gaba da aiki muddin bai lalace ba, in ya yi gardama ma a hura masa iska a mayar. Sauyi ya fara ne da kamfanin Sega, wanda ya fito da na'urar Dreamcast a Japan a 1998, da abin haɗawa da layin tarho a jikinta. Ba ta yi tsawon rai ba, domin a 2001 kamfanin ya daina ƙera ta, ya fita daga sana'ar ƙera na'urori gaba ɗaya. Microsoft ya buɗe hidimarsa mai suna Xbox Live a watan Nuwamba na 2002, kuma tun daga ranar farko ya ce sai an biya kuɗin shekara. Nintendo ya biyo baya a 2005, Sony kuma a 2006 da tasa mai suna PlayStation Network, su biyun kuwa suka ce tasu kyauta ce.

In aka tattara tallace-tallacen da aka yi ta yi tun daga lokacin, za a ga abin da mai saye ya fahimta bai wuce wannan ba: zai yi wasa da kowa a ko'ina cikin duniya, kantin kamfani na intanet a buɗe yake dare da rana, kuma abin da ya saya a wannan kanti ya zama nasa. Abin da ba a faɗa da ƙarfi ba shi ne, duk waɗannan sun dogara ne ga wasu manyan kwamfutoci da ake kira saba, waɗanda kamfanin ke ajiyewa a cikin gine-gine masu sanyi a ƙasashe masu nisa. Suna shan wutar lantarki, suna bukatar ma'aikata da masu tsaro, kuma kullum kuɗi suke ci ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

A nan bari in koma fagen da na fi sani. Kowane ɗalibi da ya tashi a karkara ya san kauci, wannan tsiro da ake gani a kan rassan ɗorawa ko kaɗanya. Kauci yana da korayen ganyaye, kuma yana sarrafa abincinsa da hasken rana kamar sauran tsirrai, har mai kallo ya zaci gashin kansa yake ci. Amma ba shi da saiwa a ƙasa. Ya soka wani sashe na jikinsa ne a cikin reshen bishiyar, ta nan yake zuƙo ruwa da gishirin ƙasa. Ran da aka sare bishiyar, ko da ba a taɓa kaucin ba, kwanansa ya ƙare. To, wasan kaset na dā bishiya ce mai saiwarta, da yawa daga wasannin yau kuwa kauci ne. Suna zaune a cikin na'urarka, a cikin ɗakinka, amma saiwarsu tana cikin sabar kamfani, kuma gatarin yana hannun kamfanin.

An kuwa sha sare bishiyar. A ranar 15 ga Afrilu, 2010, Microsoft ya rufe hidimar intanet ta na'urar Xbox ta farko, shekara bakwai da 'yan watanni bayan buɗe ta. Wasu 'yan wasa goma sha huɗu da ke buga wasan Halo 2 suka lura cewa muddin ba su kashe na'urorinsu ba, layin ba zai yanke musu ba, sai suka bar su a kunne dare da rana. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗuwa, wani na'urarsa ta yi zafi, wani intanet ya katse masa, na ƙarshensu ya kai kusan wata guda kafin ya fita. Da a Ikara suke, da irin wutar lantarkin da muke samu, ina jin ba za su kai asubahin farko ba.

Nintendo ya rufe hidimarsa ta kyauta ta na'urorin Wii da DS a ranar 20 ga Mayu, 2014, ya rufe kantin Wii a Janairun 2019. Kantunan 3DS da Wii U suka bi sahu a Maris na 2023, sa'an nan a Afrilun 2024 aka kashe musu wasan intanet baki ɗaya. Kantin Xbox 360 ya daina sayar da kaya a ranar 29 ga Yuli, 2024. Maganar kyauta ma ba ta ɗore ba. Da Sony ya fito da PlayStation 4 a 2013 sai ya ce mai son karawa da wasu ta intanet ya biya kuɗin rajista, Nintendo ma ya fara karɓar nasa a Satumbar 2018. A Satumbar 2023 Sony ya ɗaga kuɗin rajistar shekara mafi ƙanƙanta a Amurka daga kimanin dala 60 zuwa dala 80, a Oktobar 2025 kuma Microsoft ya ɗaga kuɗin wata na babban tsarinsa na Game Pass daga kimanin dala 20 zuwa dala 30. Mai karatu ya tuna cewa kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance bai kai naira 500 ba, amma a cikin 2024 ya haye naira 1,500. Ƙarin da Ba'amurke ya ji kamar cizon sauro, a wurin mai shago a Kudan harbin kunama ne.

Mafi munin abin da ya taɓa faruwa shi ne na shekarar 2011. A watan Afrilu na wannan shekara wasu ɓarayin intanet suka kutsa cikin sabar Sony, suka kai ga bayanan asusu kimanin miliyan 77, da sunaye da adireshi da ranakun haihuwa. Kamfanin ya rufe hidimar gaba ɗaya har kwana 23, kuma sai da aka yi kusan mako guda kafin ya shaida wa jama'a cewa an taɓa bayanansu. Da aka dawo ya ba da haƙuri da wasanni biyu kyauta da rajistar wata ɗaya. Hukumar kare bayanan jama'a ta Ingila ba ta gamsu ba, a Janairun 2013 ta ci shi tarar fam 250,000, bisa hujjar cewa da ya sabunta matakan tsaronsa da an kauce wa ɓarnar. A Fabrairun 2025 ma hidimar ta sake ɗaukewa na kusan kwana guda, aka ba masu rajista ƙarin kwana biyar a matsayin diyya.

Nisan Makarfi da gudun haske

Mu ɗauka kamfani ya cika alkawarinsa sarai, saba tana aiki, kanti a buɗe. Shin yaro a Makarfi zai iya karawa da na Landan kafaɗa da kafaɗa? A nan akwai wani shinge wanda ba kamfani ne ya gina shi ba, kuma ba shi da ikon rushe shi.

Duk lokacin da ɗan wasa ya danna maɓalli don ya buga ƙwallo, sai saƙo ya tashi daga na'urarsa ya bi iska zuwa dogon ƙarfen kamfanin waya, daga nan ya shiga wayar gilashi mai ɗauke da haske, ya gangara kudu zuwa Legas, ya nutse a ƙarƙashin teku, ya isa inda saba take, sa'an nan amsa ta biyo sawunsa ta dawo. Haske a cikin irin wannan gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Daga Makarfi zuwa Legas akwai wajen kilomita 900. Wayar teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne tsakanin Legas da ƙasar Fotugal. Jimla ke nan wajen kilomita 8,000, zuwa da dawowa 16,000. In ɗalibi ya raba 16,000 da 200,000 zai sami 0.08, watau kashi 80 cikin 1,000 na sakan. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar jinkirin da zai yiwu ta wannan hanya, kafin a ƙara tafiyar da ta rage a cikin Turai, da tsaye-tsayen da saƙon ke yi a kowace mahaɗa, da cunkoson da ake samu a dogon ƙarfen waya da daddare sa'ad da kowa ya hau layi. Yaron da ke zaune kusa da saba kuwa jinkirinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Mai karatu zai ce, to mene ne kashi 80 cikin 1,000 na sakan, abin da bai kai ƙiftawar ido ba? Yawancin wasannin nan suna sauya hoton allo sau 60 a sakan ɗaya, saboda haka a cikin wannan ɗan lokaci hotuna kusan biyar sun wuce. Ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita uku a cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Mai tsaron gidan da ya makara da mita uku ai sai dai ya je ya ɗauko ta a raga.

Akwai kuma abin da ya shafi jikin ɗan Adam. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsa ya motsa, mutum yakan ɗauki kimanin rubu'in sakan, domin dole saƙo ya tashi daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, a tantance shi, sa'an nan umarni ya gangaro ta laka zuwa tsokar hannu. Jijiyoyinmu mafiya sauri ba su wuce mita 120 a sakan ba. Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan a aji ba tare da wani kayan aiki ba sai rula mai tsawon santimita 30. Ɗalibi ɗaya ya riƙe ta a tsaye daga sama, na biyu ya buɗe yatsunsa biyu a daidai sifiri, a sake ta ba sanarwa, shi kuma ya cafke. In ya kama a santimita 11, ya ɗauki sakan 0.15 ke nan. In a santimita 20 ne, sakan 0.2, in rular ta kuɓuce masa ta faɗi, ya wuce rubu'in sakan.

Tun da jikinmu da kansa yana da wannan jinkiri, yaya aka yi muke iya cafke abin da aka jefo mana? Amsa ita ce ƙwaƙwalwa ba ta jiran abu ya faru, hasashe take yi. Wani sashe nata da ke wajen ƙeya yana koyon tsawon lokacin da ke tsakanin umarni da sakamako, yana gyara motsi tun kafin a kai. Saboda haka in jinkirin layi tsayayye ne, ɗan wasa zai iya sabawa da shi, ya riƙa dannawa da wuri. Abin da ƙwaƙwalwa ba ta iya sabawa da shi shi ne jinkirin da ke hawa yana sauka, yanzu kaɗan, an jima da yawa, kuma irinsa ne aka fi samu a intanet ɗin wayar hannu. Wanda ya taɓa yin magana a waya yana jin muryarsa tana dawo masa a makare ya san yadda harshe ke sarƙewa nan take. Abin da ke samun yatsun ɗan wasa ke nan. Yakan zargi kansa ko ya zargi na'ura, alhali kuwa tazara ce da yanayin layi.

Wani lokaci ma hanyar takan yanke ɗungum. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku huɗu da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace a lokaci guda, har da MainOne, intanet ya raunana a Nijeriya da maƙwabtanta, bankuna ma suka ji a jikinsu, aka ɗauki makonni ana gyara. A ƙarshen Satumbar 2021 kuma an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, ba a buɗe ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. A irin waɗannan ranaku duk wasan da ya dogara ga saba ya zama kaucin da aka sare wa bishiya.

Wa aka yi wa alkawarin?

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk binciken da na yi shi ne wannan. A watan Mayu na 2024 Sony ya ce duk mai buga wani wasansa mai suna Helldivers 2 a kan kwamfuta dole ya buɗe asusun PlayStation Network. Nan take aka gano cewa ƙasashen da aka yarda a buɗe wannan asusu da sunansu ba su wuce kimanin 70 ba, aka kuma janye wasan daga kasuwa a ƙasashe da yankuna fiye da 170. Afirka ta Kudu tana cikin jerin waɗanda aka yarda da su, amma Nijeriya, mai mutane fiye da miliyan 200, ba ta ciki. Kamfanin ya janye sharaɗin bayan 'yan kwanaki saboda ƙorafin jama'a, amma abin da ya fallasa ya riga ya fallasa.

Ma'anar wannan ita ce, matashin Nijeriya da ya buɗe asusu a lokacin ya zaɓi wata ƙasa ne da ba tasa ba, Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, ya ƙirƙiro adireshin gidan da bai taɓa gani ba. Kuɗin da zai zuba a asusun kuma sai ya sayi katin waccan ƙasa ta hannun dillalai da riba a kai, musamman a shekarun 2022 da 2023 lokacin da bankunanmu da dama suka takaita ko suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira. In wata rana aka rufe asusun, da wace fuska zai kai ƙara? Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa, amma a kan takarda shi mazaunin wata jiha ce a Amurka. A ganina, a nan ba ma za a ce an karya mana alkawari ba. Ba a yi alkawarin da mu ba tun farko. Tallar ce kawai ta iso mu.

Ko waɗanda aka yi da su ma, in suka karanta dogon rubutun nan da ake danna "na yarda" a ƙarƙashinsa ba tare da an duba ba, za su tarar an rubuta cewa abin da suka biya kuɗinsa izinin amfani ne, ba mallaka ba, kuma kamfani yana da ikon sauya hidimar ko ya dakatar da ita. A Disambar 2023 Sony ya sanar da cewa zai cire shirye-shiryen talabijin na kamfanin Discovery daga asusun mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu, sai da aka yi ca a kansa sa'an nan ya sabunta yarjejeniya ya fasa. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft, wanda wasanni yake yi ba na'urori ba, ya kashe sabar wasan tseren mota mai suna The Crew, wasan ya mutu murus har a hannun masu faifai. Wannan ne ya haifar da wani gangami a Turai na neman a hana kashe wasannin da aka sayar, wanda ya tara sa hannun mutane fiye da miliyan ɗaya a 2025. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta yi doka wadda ta fara aiki a 2025, ta hana kantunan intanet amfani da kalmar "saya" sai sun bayyana wa mutum ƙarara cewa izini ne yake karɓa. Hausawa dai sun daɗe da sanin cewa kayan aro ba ya rufe katara, sai dai ba mu saba ganin an karɓi cikakken kuɗin saye a kan kayan aro ba.

Adalci ya wajabta in faɗi inda kamfanonin suka yi abin kirki, ko da matsi ne ya sa su. A 2013 Microsoft ya sanar da cewa sabuwar na'urarsa Xbox One dole ta tuntuɓi saba sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba wasanni su kulle. Da aka tambayi shugaban sashen a lokacin, Don Mattrick, game da waɗanda ba su da intanet, sai ya nuna cewa su tsaya a kan tsohuwar na'urar Xbox 360. Maganar ta tayar da ƙura, kuma a cikin wannan wata na Yuni kamfanin ya janye tsarin. Da ya tabbata, da wannan na'ura ba ta yi amfani a mafi yawan ƙauyukanmu ba. A Janairun 2021 Microsoft ya sanar da ƙarin kuɗin rajista mai yawa, ya janye shi kafin a kwana biyu. A wannan shekara Sony ya ce zai rufe kantunan PlayStation 3 da Vita, a watan Afrilu ya dawo ya amsa cewa shawarar kuskure ce. Haka kuma an gano cewa in ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe da agogon PlayStation 4 ya mutu, na'urar ba za ta buɗe wasa ba, ko na faifai ne, sai ta tuntuɓi saba ta daidaita lokaci. Kamfanin ya gyara wannan a Satumbar 2021. Google ma, da ya rufe hidimarsa ta Stadia a Janairun 2023 bayan shekara uku da 'yan watanni, ya mayar wa mutane kuɗin na'urori da na wasannin da suka saya. Mai karatu zai lura cewa a kusan duk waɗannan, muryar masu saye na Amurka da Turai ce aka ji, domin su ne kasuwar da ake tsoron rasawa.

Hukuncina dai shi ne, kamfanonin suna cika abin da suka rubuta a cikin sharuɗɗansu, domin sun rubuta su ne yadda da wuya su saɓa. Abin da suka faɗa a talla kuwa yana da wa'adi, yawanci shekara bakwai zuwa goma sha wani abu, kuma su kaɗai suka san ranar cikarsa. Wannan ya fi shafarmu fiye da kowa, saboda mu na'urorin hannu muka fi saye, waɗanda suka riga suka ci rabin wa'adinsu a wata ƙasa kafin su sauka a kasuwannin Legas da Kano. Sa'an nan a 2020 Sony da Microsoft suka fito da samfurori marasa wurin saka faifai kwata-kwata. Sun fi araha, shi ya sa suke jan ido, amma duk wasan da za a sa musu sai an sauko da shi daga kantin kamfani, kuma babban wasa ɗaya yakan kai gigabait 50 zuwa 100 ko fiye. Mai shago ya lissafa kuɗin data na wannan, bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025.

Shi dai ɗan ƙanwata ya koma Kano, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ya cika kuɗi aka musanya masa da wata tsohuwar na'ura mai cin faifai. Kafin ya biya, ya sa an cire ta daga intanet a gabansa, aka kashe ta aka kunna, aka buɗe kowane wasa ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Da na kai musu ziyara a lokacin yin mazarƙwaila na tarar da shagon cike, yara biyu a kan benci ɗaya gwiwa na gogar gwiwa, wayar da ke tsakaninsu da na'ura ba ta fi mita biyu ba. Na tambaye shi labarin karawa da 'yan Ingila, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, bari in gama da 'yan Gazara tukuna."